Yadda Za Ka Shirya Jikinka Kafin Shiga Horon Soja a Defon Zariya

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta fitar da sanarwar ɗaukar sababbin kurata, za ka ga samari sun cika bakin titi da asuba suna gudu, wasu da silifas, wasu sanye da rigar sanyi mai kauri wai don su ƙara zubar da gumi, da yamma kuma su taru a wurin ɗaga ƙarfe kowa yana duba ƙwanjinsa. Kafin mako uku ya cika da yawansu sun daina fitowa, wannan gwiwa ta kumbura, wancan ƙwauri ya hana shi taka ƙasa. Ba rashin himma ne ya kayar da su ba. Sun ɗora wa jiki a kwana ashirin aikin da ya kamata a raba shi cikin wata uku, kuma sun ba ƙirji da damtse kulawar da ƙafa ta fi cancanta.

Makarantar horas da kurata ta Zariya, wadda kowa ya fi sani da Defo, tana aiki tun 1924, kuma horon da ake ba kurtu a cikinta yakan ɗauki kimanin wata 6. Sunan barikin da take ciki, wato Chindit, ya samo asali ne daga rundunar da Orde Wingate ya jagoranta a dazuzzukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda bataliyoyin Najeriya suka shiga cikinta a 1944. Sojojin wannan runduna sun yi makonni suna ratsa daji da tsaunuka a ƙasa, kaya a bayansu, kuma har yau abin da ake nema a jikin sojan ƙasa bai canza ba: ya yi tafiya mai nisa da nauyi, ya isa, sannan ya iya yin aikin da ya kai shi. Saboda haka duk shirin da za ka yi ya karkata ga ƙafa da numfashi da juriya. Ƙarfin hannu yana da wurinsa, amma a baya yake zuwa.

Ka fara da asibiti

Kafin ka yi gudun farko, ka je a auna hawan jininka, a saurari zuciyarka, a duba ko kana da gwaiwa, sannan ka san rukunin jininka ta fuskar sikila. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma yawancinsu suna rayuwa lafiya ƙalau, har da manyan 'yan wasa a cikinsu. Sai dai mai AS ya fi sauran mutane fuskantar haɗarin faɗuwa idan ya haɗa gudu mai tsanani da zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki, don haka sanin matsayinka zai sa ka riƙa hawa mataki a hankali kana kula da shan ruwa. Idan kana fama da zazzaɓin cizon sauro, ka gama shan magani ka warware sarai kafin ka koma atisaye, domin gudu da zazzaɓi a jiki ba jarumtaka ba ce. Ka kuma karanta sharuɗɗan da ke cikin sanarwar shekarar da kake nema. An saba neman tsawon da bai gaza mita 1.68 ba ga maza da mita 1.65 ga mata, kuma wannan ba abin da motsa jiki zai gyara ba ne.

Gudu, da dalilin da ya sa ake bin sa a sannu

Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki. Bayan mako biyu ko uku na gudu za ka ji hakin ya ragu, ka ji kamar za ka iya ninka nisan da kake yi. A nan tarkon yake, domin ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi ba sa sabawa da wannan saurin, suna buƙatar watanni. Duk takun da ka yi a guje yana dukan ƙashin ƙwauri da nauyin da ya ninka na jikinka, ƙashin kuwa yana gyara kansa ne a ranakun hutu. Idan dukan ya fi gyaran yawa, sai ciwo ya fara bin gefen ƙwauri ta ciki, idan aka ci gaba da yi masa taurin kai kuma ya zama 'yar siririyar tsagewa a ƙashin, wadda kan zaunar da mutum mako 6 zuwa 8 ko fiye. Wannan rauni yana cikin waɗanda aka fi sani a makarantun horon soja a ko'ina a duniya, kuma ya fi kama waɗanda suka zo ba su saba gudu ba.

Na ga haka da idona a jikin wani ƙanena da ya ƙudura niyyar shiga soja. Ya sayi takalmin soja na gwanjo a kasuwa, ya riƙa gudu da shi a kan kwalta kullum safe da yamma, babu ranar hutu. A mako na uku na same shi zaune a dakalin ƙofar gida yana danna wani wuri guda a ƙwaurinsa da ɗan yatsa, wurin bai fi faɗin kwabo ba, yana cije leɓe. Na ce masa ya tsaya da ƙafar nan ɗaya ya yi tsalle, ya kasa. Ya ce mini, "Yaya, ai da na fara gudu yakan saki." Na ce masa ciwon nama ne ke saki idan jiki ya yi ɗumi, wanda ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi har yana tashin mutum da dare kuwa na likita ne. Tantancewar wannan shekarar ta wuce shi yana ɗingishi.

Ga yadda nake ganin ya dace a raba mako 12. A mako ukun farko ka fita sau 3 a mako kawai, minti 20 zuwa 30, kana haɗa sassarfa da tafiya: ka yi sassarfa minti biyu, ka taka minti ɗaya, ka sake. Ma'aunin saurin shi ne ka iya yi wa abokin gudunka magana ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba. Daga mako na huɗu ka riƙa rage tafiyar kana ƙara sassarfar, amma kada abin da ka ƙara a mako ya wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na nisan makon da ya gabata, kuma duk bayan mako uku na ƙari ka sassauta mako ɗaya domin jiki ya cim ma aikin da aka ba shi. Ka nemi ƙasa mai taushi, filin makaranta ko hanyar gona, ka bar kwalta sai jefi-jefi. Ka yi gudun da kambas mai laushin ƙasa wanda ya yi maka daidai. Wani zai kawo maka labarin Abebe Bikila, sojan fadar sarkin Habasha da ya ci gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta 1960 a birnin Rum ba takalmi, amma shi ya shekara da shekaru yana gudu a tsaunukan ƙasarsu kafin wannan rana, kai kuwa jiya ka fara.

Sai ka kai wajen mako na bakwai sannan ka shigo da gudun sauri, sau ɗaya a mako. Filin tsere na ƙa'ida zagayensa mita 400 ne. Ka zaga shi sau ɗaya da ƙarfi, ka taka a hankali na minti biyu, ka maimaita sau 4, daga baya ka kai 6. Duk bayan mako biyu ka gwada kanka da zagaye 8, wato kilomita 3.2, ka rubuta lokacin da ka ɗauka a littafi. Wanda ya iya gama wannan nisa cikin minti 15 zuwa 16 ba tare da ya zube ba, a ganina ya kama hanya. Ka kuma ware rana ɗaya ta gudu mai tsawo a hankali, har ka kai kilomita 8 ko 10 a makonnin ƙarshe.

Tafiya da kaya aba ce dabam da gudu, kuma ita ce matasa suka fi mantawa da ita. Ka sami jakar goyo mai faffaɗan madauri, ka zuba mata ledojin fiya wata: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka leda 10 masu rabin lita sun ba ka kilo 5, ga shi kuma idan ƙishirwa ta kama ka kayan naka abin sha ne. Ka naɗe su da tsumma don kada su riƙa kaɗawa, ka sa nauyin ya zauna a sama kusa da kafaɗa, manne da baya. Ka fara da kilomita 4 sau ɗaya a mako, ka riƙa ƙara nisa ko nauyi, amma ba duka biyun a mako guda ba, har ka kai kilo 12 da kilomita 10 zuwa 12. Tafiya za ka yi mai sauri da gajeren taku. Kada ka yi gudu da kaya a gida, wannan ka bar wa malaman horo su koya maka a lokacinsa. A wannan tafiyar ce takalmi mai tauri yake da amfani, domin fatar ƙafa ta saba da shi tun kafin ya zama dole.

Maganar fatar ƙafa ba ƙarama ba ce, don bororo ɗaya a diddige yana iya canza takun mutum har ciwo ya hau gwiwa da ƙugu. Bororo yana fitowa ne daga guga da danshi. Ka sa safa mai kauri wadda ba ta da ɗinki mai tudu, ka canza ta idan ta jiƙe, ka yanke farce a miƙe ba ka bi kwana ba, ka shanya tsakanin yatsu sosai bayan alwala da wanka. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi a cikin takalmi, ka tsaya ka manna masa filasta tun bai tashi ba. Idan ya riga ya tashi ya tara ruwa, kada ka ɓare fatar da ke samansa, ita ce murfin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta.

Ƙarfin da filin shingaye yake nema

A makarantun soja akwai fili na musamman da aka jera wa shingaye: katanga da za a haura, rami da za a tsallake, igiya da za a kama a yi lilo da ita a ƙetare ruwa, gungume siriri da za a bi ta kansa, da waya mai ƙaya da za a ja ciki a ƙarƙashinta. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tambayar kilo nawa kake ɗagawa a kwance a kan benci. Abin da suke tambaya shi ne ko za ka iya ɗaga nauyin jikinka da kanka, ko riƙonka yana da ƙarfi, da kuma ko za ka iya dira ba ka ji rauni ba. Shi ya sa sau da yawa siririn yaron da ya taso yana noma da jan guga a rijiya yakan bar mai faffaɗan ƙirji a gindin katanga.

Motsa jiki huɗu sun ishe ka, sau 3 a mako a ranakun da ba ka gudu mai wuya. Na farko shi ne wanda matasa ke kira firesof, ka kifa ka dogara da tafin hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar sanda, ka sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa ka tashi. Goma masu kyau sun fi talatin da ƙugu ke lotsawa. Na biyu, ka sami ƙarfe ko reshe mai ƙwari ka rataya ka ja jikinka har haɓa ta wuce shi. Idan ko ɗaya ba ka iyawa, ka taka wani abu ka hau sama, sannan ka riƙa saukowa a hankali kana ƙirga biyar, cikin 'yan makonni za ka ga na farko ya zo. Na uku, tsugunawa da tashi, diddige a ƙasa, baya a miƙe. Na huɗu, aikin ciki da gadon baya, ko dai tashi zaune daga kwance ko kuma tsayawa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa na minti ɗaya. Tsallen kwaɗo kuwa, wanda kowa ya san ana sa kurata, ban ga dalilin da za ka azabtar da gwiwarka da shi a gida ba.

Ka koyi dira tun yanzu daga wuri mara tsawo, kamar dakali: ƙafa biyu tare, a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a sake tana lanƙwasawa. Hawan igiya kuma sirrinsa a ƙafa yake. Ana maƙale igiyar tsakanin ƙafafu a taka ta kamar tsani, hannu riƙo kawai yake yi, wanda ya ce da damtse zai hau kuwa zai ƙare a rabin hanya. Doguwar katanga ba a haura ta da mutum ɗaya. Biyu sukan jingina da ita su ba da cinya da kafaɗa a taka, na farko da ya hau ya kwanta a sama ya miƙo hannu, na ƙarshe kuma a jawo shi. Lokacin rukuni ake ƙirgawa, ba na gwani ba, don haka wanda ya tsere ya bar 'yan'uwansa a baya bai ci komai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kana da abokan shiri, ku saba da gudu a jere kuna daidaita taku da na mai rauni a cikinku.

Zafi, sanyi da abin da ake ci

Zariya tana da fuska biyu. A Disamba da Janairu hunturu kan sa asuba ta yi sanyin da ke fasa leɓe da diddige, a Maris da Afrilu kuma rana takan kusanci digiri 40. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, saboda haka wanda ya saba gudun asuba kawai ya riƙa sa wasu 'yan gajerun fita da hantsi a makonnin ƙarshe. Sanya rigar leda ko rigar sanyi don a yi gumi ganganci ne: ruwa ne ke fita, ba kitse ba, kuma yana hana jiki hucewa. Launin fitsari shi ne ma'auninka na kullum. Idan ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. Idan ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Idan kuwa ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, ga ciwon nama mai yawa, to alama ce ta naman jiki yana narkewa cikin jini, abin da ke iya lalata ƙoda, kuma asibiti ake nufa a ranar. Bayan gumi mai yawa ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita, sai a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ka san alamar bugun zafi, domin wata rana abokinka ne zai faɗi a gabanka. Idan mutum ya fara tangaɗi, ko magana ba kan gado, ko ya rikice bai san inda yake ba, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a riƙa kwarara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a kuma kira ma'aikatan lafiya nan take. Ba a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Abinci ba ya buƙatar tsada. Tuwo, shinkafa da wake, ƙosai, ƙwai, gyaɗa, fura da nono da ganye sun wadatar, in dai ana ci a ƙoshi ana kuma barci isasshe. Wanda shirinsa ya faɗo cikin azumi ya mayar da aiki mai nauyi bayan buɗa-baki ko bayan asham, ya rage yawansa. Tiramadol da sauran ƙwayoyin da ake cewa suna hana gajiya kuwa, ban da haɗarin farfaɗiya da jaraba da ke tare da su, suna rufe ciwon da ya kamata ya gargaɗe ka, ga shi kuma gwajin ƙwaya yana cikin abin da ake yi wa masu neman shiga.

Wasanni, dutse da ruwa

Wasa a bariki ba hutu ba ne, wani ɓangare ne na horon. Ana gasar gudun daji, ƙwallon ƙafa, damben zamani, jan igiya da tsallake shingaye tsakanin rukunoni. A Makarantar Horas da Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, ɗalibai suna kare sunan bataliyoyinsu ne, Burma da Abyssinia da Dalet da Mogadishu. Wanda ya taso yana kokawa ko langa ya zo da guzurin da bai sani ba, domin dukansu suna koyar da tsayuwa da sanin inda nauyin jiki yake. Sai dai ina ba da shawarar a bar ƙwallon unguwa a wata na ƙarshe, saboda targaɗe ɗaya a filin da ke cike da ramuka ya isa ya rushe aikin mako goma sha ɗaya.

Ɗaliban hafsoshi sukan je duwatsun Shere da ke kusa da Jos, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, domin hawan dutse da saukowa da igiya da neman hanya da taswira. Kada ka gwada saukowa da igiya kai kaɗai ko da igiyar kasuwa, wannan sai da malami da kayan aikin da aka tanada. Abin da za ka iya sani tun yanzu shi ne tsoro yana sa mutum ya manne da dutse, alhali daidai shi ne ya jingina baya ya saki nauyinsa ga igiya, tafin ƙafa a shimfiɗe a jikin dutsen, hannun da ke riƙe da igiya ta ƙasa kuma ba ya saki ko me ya faru. Hawan tudu da ƙafa kuwa kana iya fara shi a duk dutsen da ke kusa da garinku, kamar Dala a Kano ko Kufena a Zariya, kuma ka fi kula da gangarowa, don a nan gwiwa ta fi shan wuya. Ta fuskar taswira, ka riƙe cewa a mai ma'aunin 1:50,000 santimita 2 daidai take da kilomita 1 a ƙasa, sannan ka auna mita 100 ka ƙirga takunka a kai sau uku ka riƙe matsakaicin, domin da shi ake kiyasta nisa idan dare ya yi. Duk wanda ya kwana a daji kuma ya zazzage takalminsa kafin ya zura ƙafa, saboda kunama.

Iyo shi ne gibin da yawancin 'yan Arewa ke zuwa da shi, kuma aikin soja yana iya kai mutum yankin Neja Delta ko tafkin Chadi. Idan akwai wurin ninƙaya mai malami a garinku, ka biya ka koyi ko da tsayawa a kan ruwa da fitar da numfashi a cikinsa ne. Kududdufi da kogin da ba ka san zurfinsa ba ba wurin koyo ba ne, ga nutsewa ga tsargiya.

A mako na ƙarshe ka rage komai zuwa rabi, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙarfin da ba ka samu a mako 11 ba ba zai zo a kwana 7 ba. Ka yi gajeren gudu sau biyu don jiki ya kasance a sake, ka yi barci da wuri kana tashi kafin kiran assalatu domin agogon jikinka ya daidaita da na bariki, ka yanke farce kwana biyu kafin tafiya. A cikin jakarka ka tabbata akwai safa fiye da yadda kake zaton za ka buƙata, da filasta, da man shafawa na leɓe da diddige idan lokacin hunturu ne, da kambas ɗin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, ba sabo ba.